Garin kunun yara a matsayin sana'a: amsa ga wadda ta gama digiri take neman abin yi

Kin rubuto cewa kin kammala digiri da hidimar ƙasa, kin daɗe kina neman aikin gwamnati bai samu ba, yanzu kuma kina tunanin fara haɗa garin kunun yara, wanda ake kira Tom Brown, ki riƙa sayarwa a unguwarku a cikin garin Haɗeja. Kina son sanin ko garin yana da amfanin da ake yayatawa, ko sana'ar za ta iya riƙe mutum, kuma ko gaskiya ne abin da wasu 'yan'uwa suke faɗa miki, cewa wannan zubar da karatu ne. Amsata, 'yar'uwa, ita ce ki fara, amma ki shiga da sanin cewa abin da za ki sayar zai shiga cikin jaririn da bai iya cewa komai ba, saboda haka sharuɗɗan wannan sana'a sun fi na sayar da zoɓo ko cincin tsauri nesa ba kusa ba.

Buƙatar tana nan, kuma babba ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, a Jigawa kuma, inda kike, ya kai kashi 64. Abin da ya kamata ya tsaya wa mutum a rai shi ne, wannan jiha ce da take noma gero da dawa da shinkafa da riɗi da wake, kuma fadamar Haɗeja tana fitar da kifi da kayan lambu. Talauci yana da hannu sosai, haka ma zawo da zazzaɓin cizon sauro da rashin tsaftataccen ruwa, amma akwai wani dalili da yake ɓoye a cikin kofin da uwa take ba ɗanta, kuma a nan ne sana'arki take da abin cewa.

Yawancin tsumburewa tana faruwa ne kafin yaro ya cika shekara biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, daga nan a fara ba shi wani abinci tare da ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Daga wata shida zuwa takwas yaro yana buƙatar kimanin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) 200 a rana daga abincin da ba nono ba, daga wata tara zuwa sha ɗaya kimanin 300, daga shekara ɗaya zuwa biyu kuma kimanin 550. Cikinsa kuwa ƙarami ne, a farkon wannan lokaci ba ya ɗaukar fiye da ƙaramin kofi guda a zama ɗaya. Abin da akasarin iyaye mata suke bayarwa shi ne tsinkakken koko na gasarar da aka tace aka zubar da dusarta, aka ƙara ruwa don yaro ya iya zuƙa. Kunun da ya dace ya ƙunshi aƙalla kalori 80 a kowane giram 100, shi kuwa tsinkakken koko sau da yawa bai wuce rabin haka ba, har nonon uwa ma ya fi shi ƙarfi. Sai yaro ya sha ya ƙoshi, uwa ta ga ciki ya cika hankalinta ya kwanta, alhali ruwa ne mafi yawan abin da ya cika cikin. Wannan uwa ba ta yi sakaci ba, abin da ta gani a wurin tata uwar take yi, kuma ba wanda ya zauna ya yi mata bayani.

Haɗin da ƙungiyoyin agaji suka yaɗa a Arewa maso Gabas shi ne awo shida na hatsi, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. Hatsin yana iya zama gero ko dawa ko masara ko gaurayensu, ni kuma na fi son gero saboda ya fi masara sinadarin ƙarfe, ga shi iyaye mata sun saba da ɗanɗanonsa. Hikimar haɗin ita ce furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sashe da jiki yake buƙata don girma, wanda wake yake da shi da yawa, waken kuma yana da ƙarancin wani sashen da hatsi yake da shi, sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Gyaɗa da waken suya suna kawo mai, mai kuma shi ne yake ɗaga ƙarfin kunu ba tare da ya ƙara masa yawa ba. Wannan tunani ba sabo ba ne. A Burkina Faso an fara haɗa garin Misola a Fada N'Gourma tun 1982, da gero kashi 60, waken suya kashi 20, gyaɗa kashi 10, sauran sukari da ɗan gishiri, kuma ƙungiyoyin mata ne suke sarrafa shi a ƙananan wuraren aiki, har ya bazu zuwa Mali da Nijar. Na kawo wannan ne don ki san cewa an gwada irin sana'ar a ƙasa irin tamu, da hatsi irin namu, kuma ta rayu fiye da shekara 40.

Waken suya yana buƙatar kulawa ta musamman. Ɗanyensa yana ɗauke da wani abu da yake hana hanji narkar da furotin, kuma zafi ne kawai yake kashe shi. Ki tsince waken, ki jiƙa, ki cire ɓawon, ki shanya ya bushe sarai, sannan ki soya shi a wuta marar ƙarfi har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, gafinsa ya fita. Idan bai soyu ba yaro zai yi kumburin ciki da zawo, uwa kuma ba za ta sake dawowa ba, idan ya ƙone kuma furotin ɗin ya lalace. Kowane abu a soya shi daban, domin gero da wake da gyaɗa ba sa nuna a lokaci guda. Jiƙon hatsi kafin suya ma yana da amfani, yana rage sinadarin da yake riƙe ƙarfe da zinki ya hana jiki tsotsarsu.

Akwai wata dabara da masu kunun zaƙi suka daɗe da sani, wadda masu garin yara da yawa ba su ɗauka ba, wato tsiro. Idan aka dama kunu mai kauri, aka bari ya ɗan huce, aka barbaɗa masa ɗan garin tsiron gero, cikin mintuna kaɗan zai saki ya yi ruwa-ruwa ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba, domin tsiron yana narkar da sitacin da ya kama. Da haka yaro zai sha kunu mai sauƙin haɗiya wanda garin da ke cikinsa ya ninka na tsinkakken koko. Bayan ya saki sai a mayar da shi wuta ya sake tafasa don kashe ƙwayoyin cuta. Idan da dawa za ki yi tsiron, wajibi ne ki murje saiwar da hudar ki zubar, saboda suna ɗauke da guba, shi ya sa na fi ba da shawarar gero. Ƙaramin ƙullin tsiro da za ki haɗa da kowace leda, tare da bayanin yadda ake amfani da shi, zai iya bambanta kayanki da na kowa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wannan sana'a, kuma ina roƙonki kada ki ɗauke shi da wasa. Gyaɗa da masara suna kamuwa da wata fumfuna da take fitar da gubar afulatoksin. Gubar ba ta da ɗanɗanon da za a dogara da shi a gane ta, suya ba ta kawar da ita, tafasa ma haka. Tana taruwa tana lalata hanta, tana cikin manyan abubuwan da suke haddasa sankarar hanta, kuma binciken da aka yi a kan yara a Benin da Togo ya gano alaƙa tsakaninta da tsumburewa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da gubar ta yi wa yawa. Abin takaicin shi ne gyaɗar da ta fi arha a kasuwa, wato fasassa da motsattsa da wadda ta sauya launi, ita ce ta fi ɗauke da gubar, kuma ita ce mai ƙaramin jari yake sha'awar saye tunda niƙewa za a yi ba mai gani. Duk ranar da kika yi haka, kin mayar da abincin da kika ce zai gina yaro ya zama abin da zai rushe shi. Ki sayi gyaɗa mai ƙwaya cikakkiya, ki baza ta a faranti a cikin haske, a tsince ta da hannu ɗaya bayan ɗaya, kuma a sake tsincewa bayan an soya an murje jan ɓawon, domin a lokacin ne baƙin tabo yake bayyana. Wadda aka fitar a zubar da ita, kada a kai ta wurin masu ƙuli-ƙuli, kada kuma a ba awaki masu ba da nono. Idan kin sami manomin da yake amfani da Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar don rage wannan fumfuna tun a gona, ki riƙe shi hannu bibbiyu. Shanya kuma a kan tabarma ko tamfol ake yi, ba a kan ƙasa ko gefen kwalta ba, buhu kuma a ɗora shi a kan katako nesa da bango.

Maganin ƙwari shi ne haɗari na biyu. Wasu masu ajiya suna zuba wa hatsi da wake maganin feshi don kada su yi ƙwari, kuma saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Ki sansana duk abin da za ki saya, ki tambayi yadda aka ajiye shi, taki ajiyar kuma ki yi ta a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, domin ƙwari suna mutuwa a cikinsa ba tare da magani ba. Injin niƙa na unguwa ma sai an lura, shi ne ya niƙa barkono da jiƙaƙƙen wake kafin naki. Ki yi yarjejeniya da mai injin ya fara da naki da sassafe bayan ya wanke ya bushe, ki fara zuba ɗan hatsi a zubar da garin farko, sannan ki tankaɗe da rariya mai laushi.

Kada ki yi wa garinki kirarin da bai kai ba. Haɗin hatsi da wake da gyaɗa ba ya biyan buƙatar yaro ta ƙarfe da zinki da bitamin A, duk kyansa. Yaro yana buƙatar ƙwai ko kifi ko nama ko hanta, da ganye irin zogale da alayyafo, da kabewa ko gwanda ko mangwaro, da ɗan manja a miya. Kuna da busasshen kifi a Haɗeja, kuma garinsa cokali guda a cikin kunu ko faten yaro yana da amfani mai yawa, sai dai ki bar shi daban kada ki gauraya a cikin leda, don yana saurin sauya wari. Ki faɗa wa kowace uwa wannan ko da zai rage miki ciniki. Kada ki zuba sukari da yawa don jawo kasuwa, kada kuma ki ce a sa zuma ga yaron da bai cika shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da take shanye jikin jariri. Ki rubuta ƙarara a jikin leda cewa akwai gyaɗa da waken suya, tunda akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarsu, kuma ki rubuta cewa na yaron da ya cika wata shida ne. Tallata abinci ga jaririn da bai kai haka ba ya saɓa wa ƙa'idar duniya ta 1981 a kan tallar abubuwan da suke maye gurbin nono, wadda Najeriya take aiki da ita, kuma yana cutar da yaron kai tsaye.

Garin kunu ba maganin tamowa mai tsanani ba ne, wannan kuma magana ce ta rai da mutuwa. Ki nemi ma'aunin damtse, igiyar nan mai launin ja da rawaya da kore, ki roƙi ma'aikaciyar asibitin unguwarku ta koya miki amfani da shi. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, idan kewayen damtsen bai kai santimita 11.5 ba yana cikin ja, idan yana tsakanin 11.5 da 12.5 yana cikin rawaya. Wanda yake ja, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura har yatsa yana barin rami idan an danna, ko wanda ya daina karɓar abinci, asibiti za a kai shi a ranar, inda ake ba da magani da abincin nan na leda da mutane suke kira madarar tamowa, mai kalori 500 a kowace leda, wanda aka haɗa da madara da sinadaran da garinki ba shi da su. Idan uwa ta zo miki da irin wannan yaro da kuɗi a hannu, ki ƙi sayar mata, ki nuna mata hanyar asibiti, in da hali ki raka ta. Kasuwarki ita ce yaran da suke kore don kada su sauko, da na rawaya tare da shawarar ma'aikatan lafiya, da waɗanda aka sallamo daga asibiti ake tsoron su koma.

Batun ko sana'ar za ta riƙe ki kuwa, lissafi ne zai ba da amsa, kuma a nan ne na ga mutane da yawa masu kyakkyawar niyya suka karye. Suna lissafa kuɗin gero da wake da gyaɗa su tsaya, su manta da itace ko gawayi, da kuɗin niƙa, da leda da takardar jiki, da kuɗin mota, da ladan masu tsinta, da nasu lokacin. Suna kuma mantawa cewa kwano goma da aka sayo ba kwano goma ne zai fito gari ba, tsinta da cire ɓawo da suya da tankaɗe duk suna ci. Ki auna nauyin kayan kafin aiki da bayansa a kan sikeli, ki raba dukkan abin da kika kashe a kan nauyin garin da ya fito, sai ki san ainihin farashin kilo ɗaya kafin ki ɗora riba. Ki sake wannan lissafi duk lokacin da farashin hatsi ya motsa.

Masu sayenki iri biyu ne. Akwai matar ma'aikaci da take sayen abincin yara na gwangwani, wanda tsadarsa ta fara fin ƙarfinta, ita tana iya sayen kilo guda, kuma abin da take dubawa shi ne tsafta da kyan leda da amana. Akwai kuma uwar da kuɗin cefanen yini ne kawai a hannunta, wadda ɗanta ya fi kowa buƙatar garin, ita sai ƙaramin ƙulli na damu ɗaya ko biyu, a farashin da bai yi nisa da na kokon da take saye da safe ba. Idan kika tsaya ga ta farko kaɗai za ki sami riba amma ba ki taɓa matsalar da ta ja ki cikin sana'ar ba, idan kika tsaya ga ta biyu kaɗai jarin zai narke. Ribar babbar leda ce za ta ɗauki nauyin ƙaramin ƙulli, amma ƙullin ma kada ki sayar da shi ƙasa da abin da ya ci. Sadaka ki ware mata nata kaso daga riba, ki san abin da kika bayar, bashi kuma ki yi masa iyaka da littafi.

Ki kuma lura da yanayin shekara. Tamowa ta fi tsananta da damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi da zawo suka yi yawa. A daidai lokacin ne hatsi ya fi tsada, aljihun mai saye kuma ya fi bushewa. Wadda ta sayi kayanta da kaka ta adana su da kyau ita ce za ta iya riƙe farashi a watannin da aka fi buƙatarta, saboda haka idan kina adashe ki nemi kwasarki ta faɗo a kaka. Ƙwaya ake adanawa, ba gari ba, domin man gyaɗa da na waken suya yana sa gari ya yi ɗaci idan ya daɗe, musamman da zafi. Ki riƙa niƙa kaɗan-kaɗan, ki rubuta ranar haɗawa a kowace leda, ki ajiye samfuri daga kowane haɗi kina dubawa don ki san iya kwanakin da garinki yake yi lafiya. Idan ciniki ya fara wuce unguwa zuwa shaguna, ki yi rajistar sunan sana'a a hukumar CAC, ki je ofishin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, na jiharku ki ji sharuɗɗansu na wurin sarrafawa da gwajin kaya, tun kafin ki kashe kuɗi a kan gini ko buga leda.

Masu cewa zubar da karatu ne ina jin sun ɗauki karatu a matsayin takardar shiga ofis kawai. Mutumin da zai fahimci dalilin soya waken suya, ya riƙe littafin lissafi, ya karanta sharuɗɗan hukuma, ya tsaya gaban mata a ranar rigakafi ya nuna musu kaurin kunun da ya dace, wato wanda yake zama a cokali ba ya zuba da sauri idan an karkata shi, wannan mutum yana amfani da karatunsa kowace rana. Ban ce ki daina neman aikin albashi ba, kuma ba zan ɓoye miki cewa farkon sana'ar akwai hayaƙi da ciwon baya da ƙarancin riba ba. Amma aikin da yake da ma'ana a cikin al'umma yana da alamomin da ake iya gani: akwai wanda yake buƙatarsa da gaske, kin iya shi fiye da yadda ake yinsa a da, kuma yana ciyar da ke har ki iya ci gaba da yinsa shekara da shekaru. Ƙari a kan haka, kuɗin da za ki kashe a unguwa za su tsaya, a hannun manomin gero, da mai injin niƙa, da matan da za ki ɗauka tsintar gyaɗa a cikin gidajensu, waɗanda da yawansu ba su da wata hanyar samun na kansu.

Kafin ki sa duk jarinki, ki yi haɗi ƙarami na kwano shida da uku da ɗaya, ki zaɓi iyaye mata kamar goma masu yara tsakanin wata shida da shekara biyu, ki je gidajensu ki dama tare da su a kan murhunsu da ruwansu da tukunyarsu. Ki tambaye su ko yaro ya karɓa, ko ya yi zawo, ko manyan gidan ne suke shanye kunun, da nawa za su iya biya ba tare da sun taɓa kuɗin cefane ba. Ki auna damtsen yaran a farko, ki sake aunawa bayan wata ɗaya da bayan wata biyu, ki rubuta, kuma ki nuna wa ma'aikaciyar lafiyar da ta koya miki awon abin da kika samu kafin ki ƙara yawan haɗin.